Gaisuwar Ɗan Fari a Rediyon Cikin Waya

A unguwarmu ta Gobarau, in ana biki aka ji guɗa ta tashi har tattabarun kan soro suka watse, ba a tambayar ko wace ce. Ni ce. Ban yi boko ba, wannan ma da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa. Amma abin da ya shiga kunnena sau ɗaya ya zauna ke nan. Tatsuniya kuwa, matan da na yi wa suna ƙanana yanzu jikokinsu suke turo mini. Na fara da wannan ne don a san irin kunnen da abin nan ya faru da shi.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, ubansa ma mahauci. 'Ya'ya maza biyu suka rayu mana. Ƙaramin tela ne, shi nake kira auta, da shi nake faɗa da dariya. Babban kuwa ɗan fari ne, kuma mu a zamaninmu ɗan fari ba a sakin jiki da shi. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Kakarsa ce ta goya shi, ya tashi yana ce mini Yaya. In ya shigo gaishe ni, ina amsawa ne ina kallon tukunya. In na ji ba shi da lafiya, sai in dama kunu in aika in ce na yaran gidan ne. 'Yan yanzu suna ganin abin kamar ƙiyayya. Ba su san nauyin da ke cikinsa ba, ni kuma ban ga dalilin da zan tsaya ina yi musu bayani ba.

Shi ya gaji wuƙar ubansa. Da hanyoyin daji suka lalace, Fulani suka rage shigo da shanu, sana'ar ta yi sanyi. Sai ya ji labarin masu haƙar zinari can bayan Agadas, cikin rairayi, wai mutane ne tuli ba mai yi musu yanka da gashi. Ya bar matarsa da yara a gidansa na Kambarawa ya shirya. Ranar da ya zo sallama ina tsintar wake. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya faɗi abin da ya kawo shi. Na ce Allah ya tsare hanya, na ci gaba da tsintata. Sai da na ji ƙarar ƙyauren zaure sannan na ɗaga kai.

Da farko yana kiran matarsa da ƙanensa a waya. Daga baya ya matsa wani sansani can ciki, inda waya ba ta kamawa sai an hau dutse ko an shigo gari. Kiran ya yi wuya. Ni dai ban tambaya ba, ba a tambaya. Matarsa takan zo gaishe ni duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da kwanon abinci da yara biye da ita. Ita ma ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce maigidan. Mu zauna mu biyu a tabarma, mu yi zancen tsadar gero, mu yi zancen wadda ta haihu da wadda ta yi yaji, mu zagaye mutum ɗaya ba wadda ta taɓa shi. Yarinya ce mai hankali. In ta sami labari, sai ta ɗaga murya ta ce wa yaran babansu ya ce su daina yawo ba takalmi, ni kuma in ji, in san yana nan.

Wata Juma'a ta jingina wayarta da kwanon abinci, ta ce za ta kunna mini rediyo. Na ce ina eriyar. Ta ce wannan ba ya son eriya, ta intanet yake zuwa, kuma gidajen ba su ƙirguwa, duk wanda ya ga dama sai ya buɗe nasa ko daga ɗakin kwanansa. Ta dinga shafa gilashin da yatsa muna yawo. Muka ji Hausawan zango na Gana da Hausarsu mai gudu, muka ji na Sudan, muka ji na Kamaru. Wasu gidajen ba abin da suke sakawa sai waƙoƙin zamani, waɗanda ake bi da muryar mutum ta cikin inji ta fito kamar an matse masa hanci. Waɗannan nakan ce ta wuce. Amma akwai masu tsohon kiɗa, goge da kukuma da garaya, har shantu na ji, wanda rabona da shi tun ina amarya. Kafin makaɗi ya yi bugu uku na faɗi ko kiɗan su wane ne, na manoma ko na maharba ko na 'yan dambe. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Rediyon maigidana na da, in iska ta ɗauke magana, sai ya yi ta shuu, abin da ya wuce ka ya wuce ka. Wannan kuwa sai mutum ya tsaya cak a tsakiyar kalma, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a gilashi, can sai ya ɗora daga inda ya tsaya, kamar an shaƙe shi an sake shi bai ma sani ba. Na ce wa yarinyar wannan rediyo naku ba shi da numfashi. Ta yi dariya.

Ashe duk yawon nan da ta yi da ni, wuri guda take son kai ni. Akwai wani bawan Allah a garin da ke kusa da wajen haƙar, yana da shagon cajin waya, shi ya buɗe gidan rediyonsa a ɗakin bayan shagon. Duk Juma'a yana shirin gaishe-gaishe. Masu haƙa in sun sami inda waya ta kama sai su aiko masa da saƙon murya, ya saka, ya bi da kiɗan da mutum ya roƙa. Muryoyin maza ne a gajiye, iska tana bugun wayar a bayansu. Muna cikin ji, sai ga muryar da na sani tun tana kuka a zanen goyo.

Ya gaida iyalinsa na Kambarawa. Ya gaida ƙanensa tela. Ya gyara murya ya gaida baffansa, ƙanen ubansa, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo. Ya gaida mahautan kasuwa. Can ƙarshe, da sauri kamar mai tsallake kwata, ya ce da tsohuwar Gobarau mai guɗa. Sai kalangu ya tashi, kiɗan mahauta, irin wanda ake yi wa ubansa da Sallah yana jefa wuƙa sama yana caɓewa.

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Na ce wannan makaɗin ya iya hannu. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na daɗe ban fito ba.

Daga nan abin ya zama namu. Ba kowace Juma'a yake fitowa ba, wani satin wasu ne, wani satin shi. Har na san abokan zamansa da murya. Akwai wani ɗan Damagaram da ke gaida uwaye biyu, wadda ta haife shi da wadda ta shayar da shi. Akwai mai in'ina da kullum yake alkawarin zai zo gida da Sallah. Akwai wani da ba ya iya gama gaisuwa sai dariya ta ƙwace masa. Abin ya yi mini daidai: ban tambayi kowa ba, ba wanda ya ga fuskata tana neman labari, ga shi kuma ina ji. Da azumi muka ajiye kiɗa, kamar yadda ya kamata. Bayan Sallah muka koma, muka tarar da su duk suna nan yadda muka bar su.

Wajen Sallar layya na lura yarinyar ta rame. Auta ma ya zo ya zauna yana sosa ƙeya, ya ce ya daɗe yana neman yayansa a waya ba ta shiga, yana tunanin ya je tasha ya tambayi direbobin da ke bin hanyar. Na ce mutumin da aka ji shi Juma'ar da ta wuce yana gaishe-gaishe, mene ne na tayar da hankali, a bar shi ya yi neman abincinsa. Auta ya kalle ni ta gefen ido ya ce ashe dai Inna ana saurare. Na ce ni kalangu nake saurare, in ba shi da aikin yi ya je ya ƙarasa ɗinkin mutane da ya riƙe tun kafin Sallah. Ya tafi yana dariya. Bai je tashar ba.

Sai baffan ya rasu. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, yarinyar ta aika wa maigidanta saƙo a waya, saƙon ya tafi ya zauna ba a buɗe ba. Juma'ar da ta biyo muna zaune, sai ga shi ya gyara murya yana gaida baffa, yana tambayar ƙafarsa. Mutumin da muka ga an fita da shi a makara, ga wani yana tambayar ko ƙafar ta yi sauƙi. Yarinyar ta yi saurin cewa labari bai kai masa ba ne. Na ce haka ne. Bayan wasu makonni ya sake gaishe shi, ya sake tambayar ƙafar.

Damina ta sauka sosai. Wata Juma'a muna cikin rumfa, ruwa yana zuba ta indararo, zafi da danshi sun sa kowa yana fifita, sai mai gidan rediyon ya fara kukan sanyi. Wai sanyin bana ya yi yawa, 'yan'uwa a dinga rufa da bargo, a kula da wuta cikin tanti. Na ce wane sanyi kuma ana tsakiyar ruwa. Yarinyar ta ce ai ƙasar rairayi daban take, an ce can dare da rana ma ba su san juna ba. Ban taɓa zuwa ba, ban musa ba. Amma na kwana da abin, na tashi da shi. Na fara lura ba a taɓa samun sabon mutum a shirin ba. Ba wanda aka yi wa haihuwa, ba wanda aka yi wa rasuwa. Sallah biyu sun wuce ba wanda ya ce barka da Sallah, mai in'ina kuwa yana nan zai zo gida da Sallah.

Ni na san wani abu game da baki. Tatsuniyar da na gada wajen kakata na yi ta ba adadi, amma ban taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Ko kalmomin ba su canza ba, numfashi yana faɗawa wani wuri daban, yau ka ja nan, gobe ka yanke can, wani yaro ya yi tari ka jira shi. Mai rai ba ya maimaita kansa daidai. Abin da ya rufe mini ido shi ne gaisuwa ce, ita kuwa gaisuwa kowa kalmomi ɗaya yake amfani da su, kullum. Wa zai yi mamaki don ɗa ya gaida mutanensa yau kamar yadda ya gaishe su wancan watan?

Ranar da abin ya fito fili rana ce tsaka, gari ya yi haske bayan ruwa, yaran suna tsakar gida suna wasa da kaji. Mai gidan rediyon yana cikin magana ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi, kujerarsa ta yi ƙara. Sai na ji maganar da zai faɗa ta riga shi zuwa bakina. Na faɗe ta. Ya faɗe ta a bayana, kalma da kalma. Na faɗi ta gaba. Ya biyo ni.

Yarinyar ta yi dariya ta ce lallai Inna ta haddace mutumin nan. Ban kalle ta ba. Na ce yanzu babur zai wuce ta bayan shagon. Babur ya wuce. Na ce ɗan Damagaram ne zai shigo, kuma iska za ta cinye sunan uwarsa ta biyu. Iska ta cinye shi. Na ce bayan shi maigidanki ne, zai gyara murya sau biyu kafin ya ambaci baffa, na biyun ya fi ƙarfi. Dariyar ta riga ta bar fuskarta. Muka zauna muna jira, ya zo, ya gyara murya, ya sake gyarawa da ƙarfi.

Ta ɗora hannu a ka, ta sauke. Da ƙyar ta yi mini bayani cewa irin waɗannan gidajen ana iya zuba musu tsofaffin shirye-shirye a bar inji yana juya su, wannan ya ƙare wancan ya hau, ko ba kowa a wurin. Ta ce ta san ana yi. Ta ce ba ta taɓa kawo wa ranta cewa shi ake yi a nan ba. Na gane ba ta so ta kawo ba ne, kuma ban ga laifinta ba.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na dubi matarsa ido cikin ido.

"Ɗiyata, yaushe rabon da ki yi magana da shi, ke ki faɗa shi ya amsa?"

"Tun kafin azumi, Inna."

"Tun da sanyi ke nan."

"Tun da sanyi."

Kalangun ya riga ya tashi a wayar. Yaran suka ji kiɗan babansu suka bar kaji suka zo suna rawa, ƙaramar tana juya zane. Na ce ta kashe. Ta kasa samun wurin kashewa, kiɗan ya yi ta yi, yaran suna ta rawa, har sai da na miƙa hannu na kifa wayar a tabarma na ɗora mata matashi. Ana jin sa ta ƙarƙashi, ƙasa-ƙasa.

Na aika aka kira auta daga shago. Ban zagaya ba, na ce ya je ya nemo yayansa. Bai tsokane ni ba ranar. Ya bi ta Jibiya ya shiga Maraɗi, daga can ya hau manyan motoci. Muna samun sa a waya har Agadas, daga nan shi ma ya yi shiru. Juma'o'in da ya yi ba ya nan, yarinyar tana zuwa da kwanonta, wayar tana cikin jaka. In lokacin shirin ya yi, sai hirar ta mutu da kanta, kowace ta san abin da ake faɗa a cikin jakar nan ko ba a kunna ba.

Auta ya dawo ya yi baƙi, leɓensa duk ya tsage. Ya sha ruwa, ya ba mu labari a tsakar gida. Ya sami shagon cajin a rufe, rairayi ya taru a bakin ƙofar har ya kusa kai kwaɗo. Maƙwabta sun ce mai shi ya kwanta ciwo a ƙarshen sanyi, 'yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa garinsu, ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Da ya tambaye su yadda rediyo yake magana a ɗaki rufe, suka ce ai ba a ɗakin yake ba, injin yana wata ƙasa can, zai yi ta yi har ranar da wani ya tsayar da shi. Sansanin kuma ya tashi. Ramuka ne kawai da yagaggun tamfol da tokar murhu.

Wani mai shayi a garin ne ya san yayan nasa. Ya ce mahaucin Katsina ai nan yake karyawa in ya shigo. Ya ce an sami labarin sabon wuri can arewa, wata mota ta cika da mutane za su duba, shi ma ya hau, ya bar masa ƙunshi ajiya ya ce zai leƙa ya ga ko da kasuwa ya dawo ya ɗauka. Motar ce ba a daidaita a kanta ba. Wasu sun ce ta isa. Wasu sun ce hanyar akwai masu bindiga. Wasu sun ce a iyaka akan kwashe mutane a tsare su ba mai sanin inda suke. Kowa da nasa, ba wanda ya gani da idonsa.

Auta ya ajiye ƙunshin a gabana. Buhu ne an naɗe da igiya. Na kwance da hannuna. Rigarsa ta Juma'a ce a ninke, a cikinta wuƙaƙensa. Na yi zaman aure da mahauci, na san yadda suke ajiye ƙarfe. In za a daɗe, ana shafe shi da kitse sosai a naɗe kowace daban. Waɗannan goge su kawai ya yi ya haɗa su wuri ɗaya, kamar wanda zai dawo ya yi yanka jibi. Tsatsa ta fara cin bakinsu.

Mutane suka yi ta shigowa, su durƙusa su rasa gaisuwar da za su yi. Liman ya aiko a tambaye ni ko a tara jama'a a yi addu'a. Na ce addu'ar Allah ya bayyana shi, a yi ta kullum. Ta mamaci kuwa ba a gidana ba, sai an kawo mini wanda ya gani. Mahaifin yarinyar ma ya zo, dattijo mai kunya, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce malamai sun ce akwai lokacin da mace take jira a irin wannan. Na ce ta jira abin da shari'a ta ce, in ya cika ba ni zan tare mata hanya ba. Yarinyar ta gaya mini gidan rediyon yana nan yana yi. Nakan tuna da uwayen ɗan Damagaram su biyu, ko a wace tabarma suke zaune ran Juma'a, ko akwai wanda ya gaya musu.

Da kaka ta yi, auta ya shigo mini da safe da jaka a kafaɗa. Ya sami wani direba da ya san hanyar arewan, ya ce zai kai shi har sabon wurin. Ya riga ya rufe shago, ya yi sallama da matarsa, albarkata kawai ya zo nema. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana jira.

Na dubi jakar. Na san in ya tafi akwai yiwuwar ya dawo da labari, ko mai daɗi ko marar daɗi, yarinyar nan ta san matsayinta, ni ma in san irin addu'ar da zan yi. Na san kuma in bai tafi ba, babu wani da zai tafi.

"Ajiye jakar nan."

"Inna, in ban je ba wa zai je?"

"Ba kowa. Biyu gare ni. Rairayin nan ya karɓi ɗaya bai ce mini komai ba, ba zan miƙa masa na biyu ba."

Ya yi magiya, ya kawo misalai, har ya yi fushi ya ce ashe haka zan bar ɗan'uwansa. Na bar shi ya gama. Na ce in ya taka hanyar nan ban yafe ba. Ban taɓa faɗa wa ɗa wannan kalmar ba sai ranar, kuma ya san ba wasa nake ba.

Ya zauna a dakalin zaure har rana ta take, direban yana ta kiran sa a waya, shi kuwa sai kallon wayar yake. Daga baya na ji ya tashi. Na leƙa ta katanga na ga ya bi hanyar kasuwa da jakar a hannu, ba hanyar tasha ba. Da la'asar aka ce mini an ga shagonsa a buɗe, yana kan keke yana ɗinki, ba ya amsa gaisuwar kowa.